In Sayi Laftop Yanzu ko In Jira Windows 12?

TAMBAYA

Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, ta ɓangaren Fagge. Aikina buga wasiƙu da rasit da katin gayyatar biki, da cike wa ɗalibai fom a intanet. Laftop ɗin da nake aiki da ita ta tsufa, Windows 10 ce a kanta, batirinta kuma ya daina riƙe caji. Na daɗe ina zubin adashi don in canza ta, kuɗin sun kusa cika. To amma duk inda na nufa magana daban nake ji. A Titin Beirut wani ya ce in dakata, Windows 12 na nan tafe, duk wadda na saya yanzu za ta zama tarkace. A Sabon Gari wani ya ce sababbin laftop masu ƙirƙirarriyar basira za su karya farashin tsofaffi, in jira su yi araha. Wani kuma ya ce Windows 10 ta mutu, wata rana zan kunna tawa ta ƙi tashi. Don Allah a warware mini: in saya ko in jira? In zan saya, wace iri?

Daga mai shagon buga takardu, Fagge, Kano

AMSA

 Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta: ka saya, kada ka jira. Sai dai ka sayi wadda Windows 11 ta amince da ita, domin a cikin duk maganganun da ka ji, wannan sharaɗin ne kaɗai yake da tushe a rubuce. Mutanen nan uku ba lallai ne suna nufin yaudararka ba. Kowannensu ya tsinci wani yanki na gaskiya ne, ya cika sauran da nasa hasashen.

Labari iri uku ne

Duk labarin kwamfuta da zai zo kunnenka, ɗaya ne daga cikin uku. Na farko jita-jita. Tun Oktoban 2014 kamfanin Microsoft yake da shirin Windows Insider, inda masu sa-kai ke gwada manhajar da ba a gama haɗawa ba. Wasunsu kan tona cikinta, su ga wani suna ko maɓalli da aka ɓoye, su ɗauki hotonsa su watsa. Wani lokaci ma'aikacin masana'antar da ke haɗa kayan a Taiwan ko Sin ne zai tsegunta wa ɗan jarida. Akwai kuma masu zana yadda suke fatan sabuwar Windows ta kasance, su ɗora bidiyon a YouTube, mai kallo ya ɗauka daga kamfani ya fito. Kafin labarin ya ratso TikTok da WhatsApp ya iso Kano, "ana zato" ta faɗi a hanya, saura "an ce".

Na biyu sanarwa. Nan kamfani ne da kansa ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da zai fitar, kamar a bajekolin CES da ake yi a Las Vegas kowace Janairu, ko na Computex a birnin Taipei, ko taron da Apple ke yi a watan Yuni. Sanarwa ta fi jita-jita nauyi, amma har yanzu alkawari ce.

Na uku shi ne abin da ya iso kan kanta, wanda za ka iya kunnawa, ka haɗa masa firintarka, ka ga aikinsa da idonka. Kuɗin adashi a kan na ukun ake kashe su. Wanda ya tsara kasuwancinsa a kan na farko ko na biyu, cinikin biri a sama yake yi.

Batun Windows 12

Sunan nan ya daɗe yana yawo. A 2023 shafukan fasaha da dama sun yi hasashen za ta fito a 2024. Shekarar ta zo, abin da ya fito ranar 1 ga Oktoba sabuntawa ce ta Windows 11 mai lamba 24H2. A 2025 ma wata sabuntawar ce ta biyo baya, 25H2. Yanzu ka dubi halin wanda ya ƙulle kuɗinsa tun 2023 yana jira. A Mayun shekarar, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Laftop kuwa da dala ake shigo da ita. Bai samu Windows 12 ba, kuɗin nasa kuma sun kasa sayen abin da a da za su saya. Wannan shi ne jiran gawon shanu.

A ce ma ta fito gobe. Fitowar sabuwar Windows ba ta taɓa kashe ta baya a rana ɗaya ba. Windows 7 ta fito a 2009, aka ci gaba da kula da ita har Janairun 2020, alhali Windows 8 ta zo a 2012, Windows 10 kuma a 2015. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, amma Windows 10 ta ƙara shekara 4 cur ana aiko mata gyara. Saboda haka maganar cewa abin da ka saya yanzu zai zama tarkace ba ta da madogara a tarihin kamfanin. In wani ya ce ya san ranar fitowarta, ka tambaye shi a ina Microsoft ya rubuta hakan. In kuma wani ya ce zai ɗora maka Windows 12 daga filasha, ka ƙi. Da irin wannan suna ake yaɗa manhajar da aka cusa wa ƙwayar cuta.

Ko kamfanin ma bai san gobe ba

A 2015 wani jami'in Microsoft mai suna Jerry Nixon ya faɗa a wani taro cewa Windows 10 ce ta ƙarshe. Bayan shekara 6 sai ga Windows 11. A Oktoban 2019 kamfanin ya nuna wata manhaja mai suna Windows 10X, ya soke ta a Mayun 2021 ba tare da ta shiga kasuwa ba. Lokacin tallan Windows 11 an yi ta murna cewa za ta riƙa buɗe manhajojin wayar Android. An kawo tsarin, sannan aka janye shi a Maris ɗin 2025. Apple ma ya nuna wani faifan caja mai suna AirPower a Satumban 2017, ya haƙura da shi a Maris ɗin 2019.

Kai da ke aiki a gefen tasha, darasin yana ƙofar shagonka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya gadan-gadan a 1912. Turawan mulkin mallaka da masu masaƙun Ingila auduga suka sa wa rai, lissafinsu shi ne jirgin zai riƙa kwasar ta zuwa teku. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin: masaƙan gida sun fi Turawa biyan auduga da daraja, gyaɗa kuma tana kawo kuɗi, in kasuwa ta ƙi a ci ta a gida. Sai gyaɗa ta cika taragu, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa a kanta, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta yi suna a duniya. Waɗanda suka shimfiɗa dogon sun yi hasashe bai tabbata ba. Waɗanda suka ci riba su ne suka dubi abin da ke gabansu da abin da ke biyan buƙatarsu. Abin da nake so ka yi da zaɓin kwamfutarka kenan.

Abin da ya tabbata: Windows 10

Mutum na uku ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya wuce gona da iri. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutarka ba za ta ƙi tashi saboda haka ba, takardunka ma ba za su ɓace ba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da ake aikowa duk wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa. Daga ranar, duk kafar da aka gano a buɗe za ta zauna.

A sana'arka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambobin NIN da BVN na mutane, da hotunansu, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, duk ta kwamfutarka suke wucewa, ga filashar kwastomomi da ake ta sokawa. Amana ce a hannunka. A Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda ba su karɓi gyaran ba ne ta kama. Kamfanin ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adin gyaran tsaro mai suna ESU ga masu Windows 10 mai lamba 22H2, ya tsayar da ƙarshensa a 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya adana saitinta a can. Wannan rata ce ta shirin ƙaura kawai.

Ga sharuɗɗan Windows 11 kamar yadda kamfanin ya rubuta: RAM aƙalla 4GB, rumbun ajiya aƙalla 64GB, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa da ke cikin jerin da aka amince. A na Intel jerin ya fara ne daga zubi na 8, wanda ya fito a ƙarshen 2017. A na AMD kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama, banda 'yan kaɗan.

A nan ne labarin ƙasashen waje ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan laftop da muke saye a Kano na hannu ne. Ofisoshin Turai da Amurka kan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, dillalai su kwashe tsofaffin, su biyo ta Legas da kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko ta Dubai, su iso kantunanmu. Da wa'adin Windows 10 ya ƙare, waɗanda ofisoshin nan suka fi gaggawar rabuwa da su su ne zubi na 6 da na 7, domin su ne Windows 11 ta ƙi. Za ka gan su fes-fes, da ƙarfi, da farashi mai jan hankali. Wasu ma an ɗora musu Windows 11 ta bayan fage, domin akwai dabarar tsallake sharuɗɗan. Microsoft ya faɗa a fili cewa irin waɗannan ba su da tabbacin samun sabuntawa. Ashe ganin Windows 11 a kan sikirin ba hujja ba ne. Mai saye a Kano ya fi buƙatar sanin abin da ake fitarwa daga ofisoshin can fiye da abin da ake shirin ƙerawa.

Shin farashi zai karye?

Wanda zai karye shi ne na waɗanda Windows 11 ta ƙi, su ne kuma ba na so ka saya. Masu kyan kuwa, farashinsu a Kano yana bin canjin dala da kuɗin kwastam da na dako fiye da yadda yake bin bajekolin Las Vegas. Ƙirƙirarriyar basirar da aka ce za ta kawo araha ma, akasin haka ta fara jawowa. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan cibiyoyin da ke gudanar da ita suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. A Disamban shekarar kamfanin Micron ya sanar cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a kayansa masu tambarin Crucial, don ya fuskanci waɗancan manyan masu saye. Ga kuma asarar da ba a lissafa ta: duk ranar da aka ɗauke wuta kwamfutarka ta mutu nan take, kwastoma ya tafi shagon gaba. Jiran ma kuɗi yake ci.

Su waɗannan masu ƙirƙirarriyar basirar fa?

A Mayun 2024 Microsoft ya ƙaddamar da wani rukuni mai suna Copilot+ PC. Sharaɗinsa shi ne RAM 16GB, da ajiya 256GB, da wani guntu mai suna NPU da zai iya lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa. Da shi ake fassara maganar bidiyo nan take, da gyara hoto, da wani tsari mai suna Recall da ke ɗaukar hoton sikirin lokaci zuwa lokaci don ka iya nemo abin da ka yi a baya. Masana tsaro suka yi ca a kan Recall, aka ɗage shi a Yunin 2024, bai isa hannun jama'a sosai ba sai Afrilun 2025. A shagon da bayanan mutane ke wucewa ma, ban ba da shawarar kunna shi ba.

Word da Excel da CorelDRAW da cike fom ba sa buƙatar NPU. ChatGPT da Gemini kuwa a manyan kwamfutocin kamfanoninsu suke aiki, kowace laftop mai data za ta buɗe su. Ribar gaske da sababbin nan suka kawo ita ce daɗewar batir, tun daga masu furosesar M1 ta Apple a Nuwamban 2020 zuwa Snapdragon X a 2024. A garin da ake ɗauke wuta wannan abin so ne. Sai dai akwai ƙaya biyu. Masu Snapdragon ƙirarsu daban ce, tsohuwar firinta ko sikana na iya rasa manhajar da za ta haɗa su. Da yawa daga cikin siraran nan kuma RAM ɗinsu a manne yake, ba a ƙara shi. In ka ga MacBook mai Intel da araha, ka sani cewa a Yunin 2025 Apple ya ce macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau irinsu.

Abin da za ka duba ranar saye

1. Lambar furosesa. Ka shiga Settings, sannan System, sannan About. Kada ka tsaya a "Core i5" ko "Core i7", lambar da ke biye ce mai magana. A i5-8250U, lamba 8 ta farko ita ce zubin. Haka i5-7200U zubi na 7 ce, i5-6300U na 6. A na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-1135G7, wato zubi na 11. Core i5 ta zubi na 8 ta fi maka Core i7 ta zubi na 6. In kuɗinka sun kai na 10 ko na 11, ya fi.

2. Kada sunan ƙirar ya ishe ka. HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 kwamfutocin ofis ne masu juriya, yawancinsu zubi na 8, amma an ƙera wasunsu da furosesa ta zubi na 7. Gani ya kori ji.

3. TPM. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. Ya kamata ka ga 2.0.

4. RAM da ajiya. Kada ka sauka ƙasa da 8GB, kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa zuwa 16GB. Ajiya ta zama SSD, aƙalla 256GB, domin ita ke sa kwamfuta tashi da sauri.

5. Batir. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. In ya faɗi zuwa rabi, a rage maka kuɗin sabon batir.

6. Zafi. Ka kunna bidiyo ka bar ta tana aiki na ɗan lokaci, ka saurari fankarta. Wadda ke huci a shago mai sanyi ba za ta jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba.

7. Gwaji da rasit. Ka gwada kowane harafi na madannai, da kowace kafar USB, da caja. Ka tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba. Ka karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti a rubuce. Mai shagon kirki ba zai ƙi ba.

Tsohuwar taka kuma kada ka yar. Ka sa mata batir, ka raba ta da intanet, ta ci gaba da buga takardu da zanen kati. Duk aikin da ya shafi intanet da bayanan mutane ya koma kan sabuwar. In kana so tsohuwar ta ci gaba da hawa intanet cikin aminci, a ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, kyauta ne. Ubuntu 24.04 tana da gyaran tsaro har 2029. Sai dai CorelDRAW ba ta hawa kansu, ka yi wannan lissafin tukuna.

Jira yana da muhallinsa. Wanda kwamfutarsa ke masa aiki lafiya kuma tana cikin jerin Windows 11, ya riƙe kuɗinsa. Kai kuwa batirinka ya mutu, manhajarka ta fita daga kulawa, amanar mutane na hannunka. Daga yau, duk labarin da aka kawo maka ka yi masa tambaya uku: wa ya faɗa, wace rana aka tsayar, me zai canza a aikina? In babu amsar ta farko da ta biyu, jita-jita ce. In babu ta uku, ba naka ba ne. Ranar da ka kwashi adashinka, ka tafi kasuwa da wannan jerin a aljihu da wani wanda ya san kwamfuta, ku duba a natse. Allah ya sa ka saya a sa'a, ya buɗa kasuwa.